Rigar da Ta Juye a Rawar Obon

Layin Kasuwa, Kazehama
Ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga ƙanwata Tokie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Tadao da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya sanyin Maringa? Ku kuna can Brazil kuna rawar ɗari, mu nan zafi na neman narkar da mu, har yau abin yana ba ni dariya, a ce ciki ɗaya muka fito amma ko yanayi ba ma haɗawa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta miki ciwon bayan nan, ya raya miki zuri'a, ya sa mu sake ganin juna ido da ido. Mu nan ƙalau muke. Gwiwar maigidana Shozo ta yi sauƙi, sai dai gwiwa ce mai wayo: idan na ce ya ɗauko mini kwalin kifi daga mota sai ta tashi, idan abokansa suka kira shi bakin gada kamun kifi sai ki gan shi yana tsalle kamar ɗan akuya. Guguwar teku ta wuce mu a wannan karon, rumfar mai sayar da takalma kawai ta yaye, shi ma dama neman dalilin yin sabuwa yake. Kasuwa kuwa tana nan yadda kika san ta, busasshen kifi yana tafiya, tsamin kabeji yana jiran sanyi.

Na ga kiranki ba sau ɗaya ba, kuma na san hankalinki ya tashi da kika ji Chiemi ta yi shiru. Ban ɗauka ba ne don na san mu a waya, ke kuka ni ihu, a tashi babu wadda ta fahimci wata. Saboda haka kafin ki ci gaba da karatu, sauke numfashi. 'Yarki tana nan lafiya, tana cin abinci, kuma aikinta yana nan a hannunta. Ba za ta dawo miki da akwati a ka ba. Amma saura ƙiris, Tokie, wallahi saura ƙiris, kuma tun da abin ya wuce bari in ba ki labarinsa daga tushe.

Kin san dai katun ɗin da suke zanawa a kamfaninsu na Tokyo, tun da jikokinki ba sa barin ki ki kalli komai sai shi. To ban sani ba ko kin lura da abin da na lura. Kowane shiri, ko na 'yan makaranta ne ko na masu yaƙi da dodanni, akwai inda labari zai tsaya cak a tafi hutu. Dodo yana shirin cinye duniya, amma sai an je bakin teku tukuna an rufe wa wani ido ya fasa kankana da sanda. Sai kashin wankan ruwan zafi, inda dole wani sakarai ya yi kuskuren ƙofa. Sai balaguron makaranta zuwa Kyoto, a yi faɗa da matashin kai, malami ya leƙo kowa ya yi kamar yana barci, biyu su ɓace daga cikin ayari, wani ya sayi takobin katako da ba zai taɓa amfani da shi ba. Sai sabuwar shekara a je haikali. Sai kuma uwa-uba bikin bazara, kowa cikin rigar yukata ta gargajiya, yaro ya tattara ƙarfin hali zai gaya wa yarinya yana son ta, daidai nan wasan wuta ya fashe a sama ta ce ba ta ji ba. Na taɓa tambayar Chiemi, na ce ku ba ku gajiya? Ta yi dariya ta ce Inna, ke kin taɓa gajiya da fito da tsamin kabeji duk sanyi? Na ce a'a, don idan ban fito da shi ba masu saye za su zage ni. Ta ce to su ma haka, mai kallo ya san abin da zai faru tun kafin a fara, kuma saboda hakan yake zuwa. A nan na gane sana'armu ɗaya da ita, kaya ne na lokaci, bambancin kawai su suna zana zafi a tsakiyar sanyi da bargo a kafaɗa.

Wannan ne ya kawo su garinmu a watan Fabrairu. Suna neman ƙaramin gari na bakin teku da za su ɗora kashin bikin bazararsu a kai, Chiemi ta ce ga garin kakarta. Suka zo da kyamarori, hanci na zuba, suna ɗaukar hoton kowace kwata da kowane allon shago. Shugaban tafiyar wani ne Kurosu, manajan shirin, dogon mutum mai ladabi kamar an goge shi da dutsen guga. Ni na shiga tsakaninsu da kwamitin biki, don kin san ba a shiga rawar bikin Obon ta garin nan sai ta ƙofar Baba Genzaburo. Kin tuna shi ai, mai shagon tofu, awarar nan, na kusa da gidan wanka, wanda yake korar mu da tsintsiya muna yara. Yana nan, ya haura tamanin da yawa, kunne ɗaya ya mutu, bakin kuwa ko gezau. Da farko ya ce shi bikinsa na matattu ne masu dawowa gida, ba na yara masu manyan idanu da shuɗin gashi ba. Na yi ta kai masa kifi ina zama ina jin labarin da na ji sau ɗari, har ya sauko. Ya kafa sharaɗi ɗaya: a nuna bikin daidai. Musamman zagayen rawa, don kin san mu hannun da muke zagaya dandalin ganga ba shi sauran garuruwa suke bi ba, kuma wannan abu yana ji da shi kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ya ce idan ya ga kuskure ɗaya, da hannunsa zai rubuta ƙara zuwa kamfanin. Kurosu ya sunkuya, ni kuma na dafa ƙirji na ce na ɗauki lamuni, ai 'yar gida ce za ta zana taron rawar. Wannan ne karo na farko da aka ba Chiemi fage guda ita kaɗai, har da sunanta a rubutun ƙarshe.

Aka nuna kashin ana saura 'yan kwanaki Obon. Washegari da rana muka rufe rumfuna muka taru a shagon Harue mai taliya, jikanta ya sa mana shi a babbar talabijin. Ki zo ki ga tsofaffi sun koma yara. Wannan ya ce ga allon shagona, wancan ya ce ƙarya ne shagonka bai taɓa yin tsabta haka ba. Mai takalma ya ga an zana karensa ya kusa yin kuka. Ni ma ga rumfata nan, har da igiyar da nake rataya kifi, sai dai sun sa wata siririyar budurwa a bayan teburin, Shozo ya ce a kai shi wannan rumfar ya yi ciniki, na taka masa gwiwar mai wayo. Aka zo rawa, ganga daidai, fitilun takarda daidai, zagaye yana bin hannunmu. Na saci kallon Baba Genza na ga yana gyaɗa kai, na ce a raina an gama. Sai hoton ya matso kan wata mata a cikin masu rawa, budurwa, cikin farar yukata mai zanen igiyar ruwa, ta ɗaga hannu ta waiwayo tana murmushi. Harue ta saki cokalin miya. Ta ce ku dubi wuyan rigarta.

Tokie, gefen dama ne a sama. Kin san abin da Mama take yi mana idan muka yi gaggawar sa riga muka ɗora dama a kan hagu, ta buge mana hannu ta ce wa ya mutu a gidan nan. Mai rai hagu a sama, gawa kaɗai ake naɗe wa dama a sama. Ga mata nan tsakiyar rawar garinmu, a gaban duk ƙasa, sanye kamar wadda za a saka a akwati. Baba Genza ya ce wa yaron ya mayar da hoton baya ya tsayar. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki sandarsa ya fita, ko taliyarsa bai taɓa ba. Ni kuwa ban ma tsaya kallon fuskar matar da kyau ba, wuyan rigar kawai nake gani, da lamunin da na ɗauka.

Kafin la'asar Chiemi ta kira ni, muryarta kamar an jiƙa ta a ruwa. Ta ce ita ce ta yi kuskuren, babu wani. Wai da ta gama zana taron, sai aka tuna mata maganar zagaye, ta ga mutanenta duk suna bin hannun da ba namu ba. Ta zauna ta sake zana su ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan mata guda ta kasa sake ta, don daga wani tsohon hoto ta ɗauko fuskar, kuma fuskar ta fito mata yadda take so, tana tsoron idan ta goge ba za ta sake samun ta ba. Sai ta yi abin da suke yi idan lokaci ya ƙure, ta juya zanen a kwamfuta kamar a madubi. Matar ta fuskanci inda ya kamata, wuyan riga kuma ya juye tare da ita. Masu dubawa suna cikin gaggawa, ya wuce su. Ita kuma, kada ki ji haushi, a Brazil ta tashi, idonta ba ya tsalle idan ya ga wannan kamar yadda namu yake yi. Na ce wane hoto ne wannan da ya fi aikinki daraja? Ta ce wanda yake gidana kusa da inda nake kunna turare, na Kaka tana budurwa a bikin bazara. Sai da na nemi kujera. Na sa jikan Harue ya turo mini hoton matar talabijin ɗin a waya, na sa tabarau na duba. Mama ce, Tokie. Mama tana da shekara ashirin, da wannan waiwayen nata na wadda ta san ana kallon ta.

A intanet kuwa an riga an kama wuta. Wasu na dariya wai kamfanin bai san yadda ake sa riga ba, wasu na cewa an wulaƙanta bikin mutane. Kin san yadda kamfanonin nan suke: idan abu ya ɓaci dole a sami wanda zai sunkuya, kuma ba a taɓa zaɓar mai babbar kujera. Suka yanke cewa Kurosu zai kawo Chiemi ta ba kwamiti haƙuri, za su fitar da sanarwa, su gyara zanen a duk inda za a sake nuna shi. Idan kwamiti ya haƙura, shi ke nan. Idan Baba Genza ya rubuta ƙarar da ya yi alkawari, ba za a sabunta mata aiki ba. Kuma sana'arsu ƙaramar kasuwa ce, kowa ya san kowa, wadda aka kora a kan rigar gawa babu mai sake ba ta ko zanen kankana. Yarinyar da ta bar ku ta ƙetare rabin duniya don wannan aiki, ta ci taliyar gaggawa ta cikin kofi har ta rame, a ce wuyan riga ya mayar da ita gida.

Ni kuma kin san ni, ban iya zama in naɗe hannu ba. Na yi shekaru ina sayar da kifi, na san idan wutsiya ta karye ba ka ɓoye ta, sai ka ce alamar ya yi ƙiba ne har igiya ta kasa riƙe shi. Na kira Chiemi na ce ta saurare ni da kyau. Wane wata muke ciki? Su wa suke dawowa gida a Obon? Ga mata sanye da shigar matattu tana rawa cikin masu rai a bikin matattu, ai wannan ba kuskure ba ne, fasaha ce. Na ce idan an tambaye ta ta ce da gangan ta yi, ta ɗan runtse ido kamar masu zurfin tunani. Ta ce Inna, ba zan iya ba. Na ce ba ƙarya ba ce, gyaran labari ne. Ta ce ita dai ta san abin da hannunta ya yi, kuma ba za ta ɗora ƙarya a kan fuskar Kaka ba. Taurin kan nan na san inda ta samo shi, ba wajen Tadao ba ne. Da na ga ba za ta sayi kayana ba, sai na kai shi kasuwa. Ban yi wa kowa ƙarya ba, ki shaida. Tambaya kawai nake yi ina naɗe kifi. In ce wa wannan, ni kam abin ya ɗaure mini kai, mutanen da suka zana har tsagar da ke jikin allonka, su ne za su manta wuyan riga? In ce wa waccan, ke ba ki ga matar nan ita kaɗai ce ba ta magana da kowa ba? Kafin rana ta faɗi Harue da kanta ta zo tana raɗa mini wai ta gano wani sirri, matar nan fatalwa ce, da gangan aka yi. Na buɗe baki na ce kai, Harue, kanki yana ja. Kasuwa duk ta saya. Mutum ɗaya ne bai fito ba, shagon tofu a rufe, kuma shi kaɗai ne mai alƙalami.

Ranar ba da haƙuri muka haɗu a ɗakin kwamiti na bayan haikali. Kurosu ya zo cikin baƙar kwat a wannan zafin, gumi na bin wuyansa, riƙe da kwalin alewa mai tsada. Chiemi na bayansa, fuska fayau. Na zauna kusa da ita yadda ƙafata za ta kai ga tata. Baba Genza na zaune a tsakiya, ya juyo mana kunnen mai aiki. Kurosu ya durƙusa ya kai goshi ƙasa ya jero haƙuri kamar yana karantawa daga allo, ya ce kamfani ya ji kunya, kuma za a gyara wuyan rigar, ko ma a cire matar gaba ɗaya idan kwamiti ya fi son haka. Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya nuna Chiemi da sanda ya ce ke jikar Sumie, an ce mini a kasuwa wai da gangan kika yi, haka ne? Na taka mata ƙafa har sai da na ji ƙashi. Ta janye ƙafarta ta ce a'a Baba, kuskure ne, juya zanen ta yi don ta kasa rabuwa da fuskar, kuma ba ta lura da rigar ba. Na rufe ido na fara lissafin yadda zan rubuto miki.

Sai na ji tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce ya sani. Ya ce tun a shagon taliya ya san juyawa aka yi, don tawadar Allah da ke fuskar Sumie a ƙarƙashin idon hagu take, a talabijin kuwa ta koma dama. Tokie, ni da na wanke fuskar nan da hannuna ban lura ba, shi ya lura. Ya juyo kaina ya ce ke kuma Fusae, tun kina yawo da majina na san ki, kifin jiya za ki sayar mini a matsayin na yau? Wai har gida aka kawo masa labarin fatalwa, kuma da ya ji ƙamshin labarin ya san daga rumfar da ya fito. 'Yan kwamiti suka fashe da dariya, ni kuwa na ce Baba ai tambaya kawai na yi, ya ce ya san irin tambayoyina, su suka sa ya sayi kifin da bai yi niyya ba shekara da shekaru.

Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce shekarar da aka ɗauki hoton nan shi ne yake kan dandali yana dukan ganga, Mama kuma ita ce a gaban zagaye, kuma wannan waiwayen da aka zana, shi ya san wanda aka waiwaya domin sa, ba shi ba ne, babanmu ne da ke tsaye wajen mai kankara. Ya ce ya fita daga shagon Harue ne don ba zai yi hawaye gaban matan kasuwa su samu abin tauna har sabuwar shekara ba. Sannan ya dubi Kurosu, wanda har lokacin goshinsa na ƙasa, ya ce ɗago, ɗan nan, kada ka huda mana tabarma. Ya tambaye shi wai me ya ce za su gyara? Kurosu ya ce wuyan rigar. Tsohon ya buga sanda. Ya ce matar nan ta rasu a kakar bara, wannan ne Obon ɗinta na farko, ta dawo garinsu ta shiga rawa sanye yadda ya dace da ita, to mene ne kuskuren? Ya ce idan suka mayar mata da hagu sama, sun sa wa matacciya kayan masu rai, wannan ne rashin ladabin, kuma ranar da suka yi haka ko suka cire ta, ranar zai rubuta ƙarar, da babban alƙalami. Yarinyar ta yi kuskure, in ji shi, amma kuskuren ya faɗa daidai inda ya kamata, kuma tun da ba ta yi masa ƙarya ba, shi ba shi da magana da ita sai guda ɗaya: ta mayar wa Sumie tawadarta ƙarƙashin idon hagu, da hannu, ba da madubin kwamfuta ba.

Kurosu ya rasa inda zai sa kansa. Ya zo da haƙuri cike da kwali, ga shi an ce ba a saye. Ya ce zai gaya wa manyansa. Na matsa kusa da shi na ce, cikin ladabi, ya gaya musu har da cewa kwamiti a shirye yake ya karɓe su idan sun tashi yin kashin balaguron makaranta, ga tsohon masauƙi a kan tudu, ɗakuna manya, matashin kai kuwa sai wanda suka zaɓa, amma fa mun saba da mai zanenmu. Baba Genza ya ce wannan karon maganar Fusae ba tambaya ba ce, a rubuta. A hanyar tasha Chiemi ta riƙe hannuna tana kuka tana dariya, tana ɗingishi, ta ce Inna kin kusa karya mini yatsa. Na ce da kin bi maganata da yanzu muna cikin mota muna kuka na gaske, saboda haka jeki, yau kin fi ni iya ciniki.

Kamfanin bai fitar da wata sanarwa ba. Sun bar masu kallo suna ta gardamarsu, su kuwa sun sabunta mata aiki, har sun ce ita za ta zana taron tashar jirgi a kashin balaguron. Yanzu wata sabuwar fitina ce ta same ni. Tsofaffin layin nan sun mayar da rumfata ofis, kowa na zuwa da hoto a cikin ambulan, wannan mijinta, wancan ƙanensa da teku ta ci, wai in ba Chiemi ta sa su ko a bayan taro ne. Mai takalma ya kawo nasa hoton na samartaka, na ce kai ai kana da rai, ya ce to a sa masa hagu a sama mana. Matasa kuma sun fara sauka daga jirgi suna neman inda matar nan ta tsaya, su ɗauki hoto, su tambaye ni ko ni ce budurwar rumfar kifi. Ina ce musu ƙwarai, aikin kifi ne ya mayar da ni haka, su sayi ɗauri biyu don tausayi.

Chiemi ta zauna da mu har aka gama Obon. Ranar rawa na buɗe akwatin Mama na ciro farar yukatar nan mai igiyar ruwa, tana nan, ta ɗan yi ja a wajen naɗi. Ni na sa mata da hannuna, ta kai hannu za ta taimaka na buge shi kamar yadda ake yi mana, na ce hagu a sama, 'yar Brazil. Baba Genza ya sa aka ɗora shi kan dandali ya doki ganga sau 'yan kaɗan kafin a karɓe sandunan. Da yamma muka saki fitilar Mama a ruwa, na ambaci sunanki a kanta.

Abin da ya sa na zaɓi takarda ke nan, ƙanwata. Tun bara kike gaya mini abin da ya fi ci miki rai shi ne jirgi bai kawo ki a kan lokaci ba, ni kaɗai na naɗe wa Mama rigarta ta ƙarshe, ke ba ki sa hannu ba. Na yi ta ba ki haƙuri, na san bai shiga ba. To ki sa jikanki Lukas ya nemo miki kashin bikin bazara, yanzu, kafin a mayar da tawadar. Ki zauna kusa da talabijin, ki bar yaran su yi ta jiran wasan wutarsu, ke ki dubi masu rawa. Za ki ga an naɗe mata dama a sama, tsaf, babu ko tattara. Hannun 'yarki ne ya yi shi a madadinki, ba tare da ta sani ba.

Ki gaishe mini da Tadao, ki ce ya rage gishiri. Ki gaishe da Renato da matarsa Selina, da Lukas da ƙaramar Emi, ki ce mata kakarta ta Japan ta ga zanen kifin da ta aiko, ya fi nawa ƙiba. Ki gaishe da Goggo Yasuko idan kin je gidan tsofaffi. Shozo yana gaishe ku, Harue ma ta ce lallai in sa sunanta. Chiemi za ta kira ki ranar hutunta, kada ki yi mata faɗa, kuma kada ki tambaye ta yatsan ƙafa. Allah ya tsare ku, ya bar zumunci.

Yayarki mai ƙaunarki har kullum,
Fusae